Rozina 'Yar Ƙaguwa

A tsibirinmu na Gozo ba a kiran mutum da sunan da Fada ya raɗa masa ranar baftisma. Laƙabin gidanku shi ne kai, ko ka so ko ka ƙi, kuma da shi za a kai ka kabari. Ni ce Lonza, mai rumfar shayi da pastizzi, ɗan gashin fulawarmu mai cuku a ciki, a bakin ruwan ƙauyenmu. Laƙabin gidanmu kuwa kada ma ku tambaye ni, ba labarina na zo ba ku ba. Labarin Rozina ne, ƙawata tun muna yawo ba takalmi.

Ubanta Salvu masunci ne. Wata shekara, muna 'yan mata ƙanana, iskar nan ta arewa maso yamma da muke kira majjistral ta taso da hantsi ta maka kwalekwalensa da duwatsun bakin mashiga. Duk ƙauyen ya fito ya yi cirko-cirko a kan tudu, ba mai iya komai, don masuntanmu na da, abin kunya, rabinsu ko iyo ba su iya ba. Uwar Rozina ta zube ƙasa ta yi wa Uwa Maryamu wa'adi, in mijinta ya fito da rai, 'yarta za ta shiga coci da gwiwoyi tun daga ƙofa har gaban bagade. Salvu kuwa ya fito. A kan shimfiɗaɗɗen dutsen nan da ke gaban rumfata yanzu ya fito, da rarrafe, ruwa yana ture shi gefe yana komowa, har ya kai busasshen wuri ya kife. Mako bai zagayo ba mutanen da suka yi kukan murnar ganinsa suka fara kwaikwayon tafiyarsa a shagon giya. Suka sa masa Ƙaguwa. Haka muke, ba zan ɓoye ba.

Da aka ce wa Rozina ta zo ta cika wa'adi, sai ta kafe. Ta ce, "Babana ya riga ya yi rarrafe, kowa ya sha kallo. Ba zan ƙara musu wani ba."

An yi duka, an yi lallashi, Fada ya zo gida da kansa. Ko gezau. Coci kam tana zuwa, amma in an durƙusa ita tana tsaye ƙiƙam a baya kamar sandar shara. Tana zama budurwa ta hau jirgin ruwa sai Ostareliya. A can ta yi aikin kamfanin biskit a Melbourne, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta binne miji. Uwarta ta rasu wa'adin yana nan ba a cika ba, kuma yayanta Kelinu bai taɓa yafe mata wannan ba. Shi Kelinu kunyar laƙabin ce ta ci shi. Tuƙin bas ya kama, ko babban yatsansa ba ya tsomawa a teku, wanda duk ya ce ƙaguwa a gabansa kuwa, ko ta miya yake nufi, sai an raba su.

Bara da rani sai ga Rozina ta zo hutu, kai fari fat, baki kuwa yana nan yadda ta tafi da shi. Ta zauna a rumfata ta cinye pastizzi biyu, ta ce sun yi maiƙo, sannan ta ce da ni wai ta koyi nutso.

Na ce, "Nutson me?"

"Na tukunyar iska mana. Jikata ce ta ja ni. A kwamin wanka muka koya, aka kai mu teku a jirgi 'yan lokuta."

"Ke Rozina, da wannan shekarun? Gwiwarki ma ƙara take in kin tashi."

Ta ce, "Taki ba ta yi? Ni dai a nan zan shiga." Ta nuna dutsen da haɓa. "Ruwan da ya so cinye ubana, ina so in shiga in kalle shi ido da ido, in fito da ƙafata."

Raina ya ɓaci, amma na san ta. In ka hana ta, ka tura ta ke nan. Sai na haɗa ta da Wistin, ɗan yayata, wanda gemunsa ya yi furfura a aikin shiga da baƙi ruwa daga bakin gaɓa. Mutum ne mai sanyin magana, har haushi yake ba ni wani lokaci, amma bai taɓa dawo mini da baƙo a kan makara ba.

Ranar farko ruwa luf kamar man zaitun a faranti. Duk da haka Wistin bai bar ta ta taɓa kaya ba sai da suka tsaya a bakin dutse suna kallon ruwan, har shayin da na zuba musu ya huce. Ya ce, "Gwaggo Rozina, kafin ki nemi ta inda za ki shiga, nemi ta inda za ki fita. Nuna mini." Ta nuna. Ya duba mata kaya, ya sa ta duba nasa. Ya sa ta hura rigar iska, ta sa bututun numfashi a baki tun tana tudu, ta riƙe takalman agwagwa a hannu sai ruwa ya kai mata ƙugu. Ya ce in ranta bai kwanta ba ta ce a fasa, ba mai tambayar dalili. Duk ta bi, ba musu, har na yi mamaki.

Sannan ya zo kan na ƙarshe. Ya ce, "In mun dawo muka tarar ruwa ya motsa, ba a miƙewa. Dutsen nan gansakuka ce, ga tukunya da darma a bayanki. Hannu da gwiwa za ki fito, bututu a baki, sai kin wuce inda ruwa ke kaiwa."

Ta ce, "Me ka ce?"

"Rarrafe, Gwaggo."

Ta yi masa wani kallo da na san shi tun muna yara. Ta ce, "To Allah ya sa kada ya motsa."

Bai motsa ba ran nan. Ta fito a tsaye, fuska da zanen gilashin nutso, tana ba ni labarin wani kifi mai leɓe kamar na marigayi mijina. Na ce ta bar mini matacce ya huta. Murna fal cikinta, ni ma har na ɗan saki jiki.

Shiga ta biyu ce ta ɓaci. Suna ƙasa iska ta ɗan juya, ba wani abin a zo a gani ba, irin wanda yara ke wasa a ciki. Na hango kawunansu sun ɓullo, Wistin yana nuna mata ƙasa da tafin hannu, wato ta sauka kan gwiwa. Ita kuwa ta ɗaga ido ta ga bencin tsofaffi a jikin rumfata, ga Kelinu a tsakiya da hularsa. Sai kawai ta tofar da bututu ta miƙe tsaye. Taku ɗaya ta yi. Raƙumin ruwa ya zo ta baya ya kwashe mata ƙafa, nauyin tukunya ya fyaɗa ta rigingine, ruwan da ke komawa ya ja ta kamar tsumma. Wayyo! Butar shayi ce a hannuna, ban san lokacin da na yar ba. Wistin ya cafko ta ta wuyan riga ya cusa mata bututun a baki, ya jawo ta tudu tana tari, goshi yana jini, tafin hannu cike da ƙayar bushiyar teku.

Wannan sanyayyen mutum ran nan na ji muryarsa. Ya ce, "Gwaggo, ke sa'ar uwata ce, amma ba zan sake shiga da ke ta nan ba. In jirgi kike so in kai ki, akwai tsani. In wani lungu kike so inda ba mai ganinki, in kai ki. Nan kam sai kin yarda da rarrafe."

Ta ce, "Ban ƙetaro duniya don in ɓuya a lungu ba."

"To shi ke nan."

Kelinu ya taso ya tsaya a kanta. Ya ce, "Kin gani ko? Gwiwar da kika hana Uwa Maryamu, ga shi teku yana nema. Ki tattara ki koma inda kika fito, kin ishe mu da abin kunya."

Ta ce, "Yaya, kai da ko ruwan wanka sai ka yi addu'a kafin ka shiga, kai ne za ka ba ni labarin teku?"

Da la'asar na zaunar da ita bayan rumfa ina cire mata ƙaya da allura da man zaitun. Hutunta ya kusa ƙarewa, kuma mu biyun mun san a shekarunmu ba a cewa sai baɗi da ƙarfin murya. Na soka mata allurar da ɗan mugunta.

Na ce, "Ke dai taurin kanki zai kashe ki, kuma ni ba zan rufe rumfa in je jana'iza ba."

"Lonza, kin ga yadda suka mai da babana. Mutum ya yi kokawa da mutuwa ya kayar da ita, suka mai da shi abin dariya har ya bar duniya."

"Na gani. Ina kusa da ke ran nan, kin manta? Amma ki gaya mini, da ya miƙe tsaye don kada su yi dariya, wa zai ciyar da ku, wa zai kai ki bakin jirgi? Ke kike jin kunyar rarrafen nan fiye da su."

Ta fizge hannunta ta ce allurata ba ta da kai. Ta tafi ko sallama babu. Na zauna ina cizon yatsa, don na ɗauka na rasa ƙawa ke nan.

Ranar Lahadi bayan coci sai ga ta da Wistin, suna jan kaya. Ban san me ta ce masa ba. Abin da na sani, labari ya riga ya zaga, don a ƙauyenmu ko atishawa ka yi a gado sai an yi maka sannu a kasuwa. Benci ya cika, wasu a tsaye, duk da kayan coci. Pastizzi na ya ƙare tas, kuma ban ji daɗin cinikin ba ko kaɗan.

Ruwan yana ɗan motsi. Suka tsaya suka dube shi. Na ji Wistin yana cewa, "Zai shigu, amma fita sai yadda na faɗa. In kin ce a fasa, an fasa." Ta ce, "Duba mini tukunya." Suka jira manyan raƙuman suka wuce, suka shiga a bayansu, ruwa ya rufe su.

Ban taɓa jin tsawon jira irin wannan ba. Na goge tebur guda har ya kusa hujewa. Kelinu yana zaune, sai juya hula yake a hannu.

Can sai ga kumfa, sai ga kawuna biyu. Suka matso har inda ƙasa ke taɓuwa. Rozina ta ɗago ta dubi bencin nan, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Zuciyata ta ce shi ke nan, za ta sake miƙewa tsaye. Sai na ga ta kifa hannu biyu a kan dutse, ta sauke gwiwoyi. Ruwa ya zo ya rufe ta ruf, ta tsaya cik, bututu a baki. Ya janye, ta matsa. Wani ya zo ta gefe ya ture ta, ta karkace, ta komo kan hanya. Ai na taɓa ganin wannan tafiyar a kan wannan dutsen.

Wani tsoho Wenzu, wanda bakinsa ba ya da linzami tun yana saurayi, ya daka ihu, "Jama'a, Ƙaguwa ta dawo!" Aka kwashe da dariya.

Ba ta miƙe ba sai da ta wuce inda ruwa ke kaiwa, kamar yadda aka koya mata. A nan ma ba ta yi saurin tashi ba. Tana kan gwiwoyinta ta cire bututun, ta ɗaga gilashi, tana haki.

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, Wenzu. 'Yar Ƙaguwa ce, ƙara faɗa da ƙarfi na baya su ji. Haka ubana ya fito, kuna kan tudu kuna kallo. Yau ma ga ku can a kan tudu."

Dariyar ta mutu. Wenzu ya shiga neman abu a aljihunsa.

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwar ta ƙi, ga nauyin tukunya. Wistin ya taho zai kama ta, amma wani ya riga shi. Kelinu ne, da takalmansa na coci, ya sauko kan jiƙaƙƙen dutsen da rabonsa da shi tun yana yaro. Santsi ya kusa kayar da shi, dole shi ma ya dafa ƙasa. Ya kama ɗamarar tukunyar yana ta fama, bai ma san yadda ake kwancewa ba, hawaye yana bin gemunsa.

Ya ce, "Ta nan Baba ya fito. Daidai nan. Ni na fara kai masa hannu."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ba wannan ba, ja wancan."

Ya ja wancan, tukunyar ta sauka. Ya ɗauki tukunyar da kansa ya hau da ita, wandonsa sharkaf har gwiwa, ya dire ta a kan bencin, tsofaffin suka matsa suka ba ta wuri.