Tabarau na Aro a Benen Harami

Ladan bai gama kiran asuba ba muka tashi, ni da maigidan da 'yarmu mai shekara tara, muka nufi filin jirgin Kano. Umara ce ta hutun makaranta. Tun a mota na yi wa yarinyar kashedi: ta kuskura ta kai mini hararar nan tata Makka, ni da ita ne. Shekara biyu ke nan tana ƙanƙance wa mutane ido, malamanta kuma suna kawo ƙara cewa ba ta kwafar aikin allo. Ni malamar firamare ce, don haka abin ya fi ci mini rai. Na yi faɗa har na gaji.

Daga Jidda zuwa Makka titi ne sumul, babu rami ko ɗaya, har maigidan ya ce barci ya ƙi zuwa saboda ya saba da jijjiga. Muka sauka a unguwar Rusaifa wajen gwaggona, wadda ta tsufa a can. Ta tare mu da shinkafa bukhari da kaza, da safe kuma dafaffen wake da gurasar tamis mai zafi, riyal ɗaya kacal. Hausarta ta Kano ce, amma Larabci ya cinye rabi. Tana ganin yarinyar ta ce, "Yalla ya binti, buɗe idon nan, ba a harara a garin Allah." Ta rambaɗa mata kwalli, wai shi ke nan magani.

A rana ta uku, bayan la'asar, mu mata muka hau benen Harami muka zauna inda ake hango Ka'aba. Kusa da mu akwai wata mata 'yar ƙasar Sin da 'yarta, sa'ar tawa, mai tabarau mai kauri. Can sai yarinyar ta cire tabarau, ta rufe ido, ta shiga murza gefen hanci da saman gira da yatsu. Na ce a raina, Allah sarki, ganin Ɗakin Allah ya sa ta kuka. Na miƙa mata hankicina ina cewa, "Allah ya karɓa."

Uwar ta yi dariya har tana rufe baki. Ta iya Larabci, Gwaggo ta zama tafinta. Ashe ba kuka ba ne, motsa ido ne da ake sa su yi kullum a makaranta, har ya zame wa yarinyar jiki. Ta ce yaransu daga aji sai aikin gida, kai a duƙe kan littafi, fita wasa sai ɗan kaɗan. A ajin 'yarta masu tabarau ƙaruwa suke duk zango, ita 'yar tata ma an canza mata sau biyu.

Muna cikin haka matar ta tsaya tana duban 'yata, wadda ta ƙanƙance ido tana kallon ƙasa. Na ɗaga hannu zan zungure ta, sai matar ta riƙe ni. Ta karɓi tabaran 'yarta ta sa wa tawa.

"Umma!" in ji 'yata. "Ashe rubutu ne a jikin Ka'aba? Kuma mutane ne ɗaya-ɗaya suke zagayawa! Ni fari kawai nake gani yana juyawa."

Na tuna duk ranar da na ce mata marar kunya, alhali allon ne ba ta gani. Kunya da tausayi suka rufe ni, na fashe da kuka a gaban baƙi. Yarinyar nan mai tabarau ta matso a hankali ta dawo mini da hankicina.

Washegari Gwaggo ta kai mu wajen likitan ido, tana mita cewa kwallinta ma da an ba shi lokaci da ya yi aiki. Aka auna, aka yanka wa 'yata nata tabaran. A hanyar komawa Jidda babu allon kan titi da ba ta karanta mana ba, har babanta ya roƙe ta ta huta.

Mun sauka Kano lafiya da Zamzam da dabino. Na je neman gafarar Ubangiji, na dawo na nemi ta 'yar cikina. Ranar da aka koma makaranta na rubuta a allo, na taka zuwa bencin baya na ce, "Wa ba ya gani daga nan?" Yara uku suka ɗaga hannu, ciki har da wadda na fi kira malalaciya.