Motar da Mai-Soso Ya Saya wa Inna

Ƙanena mai ɗinkin kujeru ne, shi ya sa unguwa ke kiransa Mai-Soso. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen layinmu, cike da gutsattsarin yadi da warin gam, kuma da wuya ka same shi ba da ƙananan ƙusoshi a bakinsa ba. Ko gaisuwar rasuwa ya je, kafin ya zauna sai ya danna kujerar da babban yatsa. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na dawo gida ina kula da Innarmu, don haka komai a kan idona aka yi shi.

Inna ta taɓa faɗuwa a banɗaki, gwiwarta ta dama ta daina lanƙwasuwa. Tana da yaya guda da ta rage mata a duniya, a wani gari mai nisa, ita ma tsufa ya kwantar da ita. Kullum bayan sallar asuba sai Inna ta ce, "Ko zan sake ganin Yaya kuwa?" Ƙaramar mota ba ta ɗaukar miƙaƙƙiyar ƙafa. Da aka yi zancen hayar motar asibiti, sai ta ce, "Ni da raina? Wallahi ba na shiga."

Nan Mai-Soso ya ce ya san magani. Akwai tsofaffin motocin nan masu dogon baya, waɗanda ake ɗaga ƙofarsu ta baya, a kwantar da kujeru wurin ya zama kamar gado. An daina ƙera su, amma akwai masu gyara su su dawo kamar amare. Ɗan abin da ya tara ba shi da yawa, sai ya ɗauki amininsa Bakanike suka shiga nema. Wani lokaci nakan bi su, don ni ke riƙe da igiyar da muka auna tsawon Inna da ita.

Ta farko da muka gani injinta lafiya lau. Bakanike ya kasa kunne ya ce, "Wannan ko gobe ta kai ka bangon duniya." Mai-Soso bai ko kalli wajen ba. Ya cusa kai ciki, ya shinshina, ya bi ɗinkin kujera da farce, ya fito yana yatsina fuska.

"Wanda ya yi wannan ɗinkin ba ya tsoron Allah."

Bakanike ya ce, "Kai, ɗinkin ne zai ja motar?"

"Uwata zan kwantar a kan ragowar katifa? Taɓa ka ji!"

Haka aka yi ta yi. Wata fentinta na ƙyalli amma tsatsa ta cinye ƙasanta, har kana hango titi ta ƙarƙashin ƙafarka. Wata ta yi kyau ta ko'ina, da aka faɗi kuɗinta sai muka yi wa mai ita addu'a muka wuce. Masu dama-dama kuwa duk ɗinki ya kayar da su. Daga ƙarshe Bakanike ya yi fushi ya ce in ya sake raka shi a canza masa suna.

Ranar da Mai-Soso ya tafi shi kaɗai, ranar ya dawo da mota. Ruwan madara ce, kujerunta na fata, ɗinkin hannu, zare bai kauce ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Yaya, zo ki ga aikin mutanen da."

Na ce, "Ka buɗe gabanta ka duba?"

"Ai ta kawo ni gida."

Daga baya muka ji gidan mai motar a kan tudu yake, hanyar kuma gangara ce har ƙofarmu.

Ran tafiya muka shimfiɗa wa Inna bargo, muka tallabe ta ta ƙofar baya, ƙafar ta miƙe sambal har da sauran wuri. Na zauna gefenta da carbina. Kafin a gama ɗaure kaya barci ya ɗauke ta, don soson ya karɓe ta. Mai-Soso ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi ajiyar zuciya, ta yi shiru. Ya sake murɗawa har gumi ya jiƙa masa riga. Ya waiwayo ya dubi Inna, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ni na aika a kira Bakanike. Ya zo ya ɗaga murfin inji, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali kamar mai rufe ƙofar majiyyaci.

"Mai-Soso, kujera ka saya, aka ba ka taya kyauta."

"Yi min a hankali, Inna na barci."

Bakanike ya leƙa ya ga tsohuwa ta yi lamo, hannunta a kan ƙullin tsarabar yayarta. Ya tafi ya dawo da a-kori-kurarsa da sarƙa, ya ɗaura mu a baya. Haka muka yi tafiyar nan, shi yana ja, ƙanena na riƙe da sitiyari yana taka birki, yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ke tuƙi.

Inna ba ta farka ba sai a ƙofar gidan yayarta, bayan an kwance sarƙar. Aka shigar da ita, tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suna kuka suna dariya, kowace na cewa ɗayar ce ta fi tsufa. Da suka natsu, yayar ta tambaye ta hanya.

Inna ta ce, "Yaya, yaron nan ya iya zaɓen mota. Tunda nake ban taɓa shiga wadda ba ta da ƙara irin wannan ba."

Bakanike ya buɗe baki, na miƙa masa kofin ruwa na ce ya sha.