Mun Hutar da Baba

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta muka hutar da Baba. Ni da ƙannena muka karɓe hauyarsa, muka ba wani Bafillace kiwon shanunsa, muka shimfiɗa masa tabarma a zaure. A Dakoro haka ɗa na kirki yake yi. Mutane suka yi ta sa mana albarka.

Inna kuwa ba wanda ya hutar da ita, don ba mu ɗauki abin da take yi a matsayin aiki ba. Ta koma ɗebo ruwa a rijiyar bayan gari. Ta yi daka, ta dama fura, ta je suna, ta je gaisuwar mutuwa har Korahane, ta dawo da labarin kowa.

Damina huɗu Baba ya yi a kan tabarmar nan. Ya fara da neman takalmin da ke ƙafarsa. Daga baya ya dube ni ya ce, "Baƙo, daga wane gari?" A haka ya rasu. Inna tana nan, kuma har yau ita ake tambaya wa ya haifi wa idan dangi sun rikice.

Da furfura ta kama ni, ran wata kasuwa na manta inda na ɗaure jakina. Tsoro ya kai ni wurin majo, babban mai duba marasa lafiya a asibitin unguwa. Ya ce ba zai rantse zama kaɗai ya cinye Baba ba, kuma ba shi da ƙwayar da zai ba ni. "Amma ka yi tafiya, ka shiga mutane, ka koyi abin da ba ka iya ba."

Abin da ban iya ba shi ne karatun boko. Ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu bayan azahar ake yi, kuma duk mata ne. Na shiga na zauna a baya. Wata ƙawar matata ta juyo ta ce, "Maigida, ina kallabinka?"

Na ce, "Yana wanki. Matsa, kin tare mini allo."

Wata biyu na yi kafin hannuna ya yarda da alli. Ban yi gaggawa ba.

A majalisar dattawa abin bai zo da dariya ba. Suka ce namiji mai jikoki ba ya maimaita baƙi a bayan mata. Ranar da na makara zuwa majalisar, na tarar wani ya zauna a wurina, ba kuma wanda ya ce ya tashi.

Sai babban ɗana ya zo da sabuwar tabarma a hammata, ya durƙusa. "Baba, ka bar gona, ka bar ajin nan. Ana cewa mun kasa riƙe ka."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Ɗauke ta. Na ga inda take kai mutum."

"Baba, kunya muke ji."

"Ku ji. Gara ku ji kunyata ina sane da sunayenku."

Har yanzu da ƙafa nake zuwa gona, kuma ina karanta takardar asibiti da kaina, sannu a hankali. Abin da na rasa: wurin zama ɗaya a majalisa, abokai biyu, da gaisuwar ɗana ta tsawon damina guda.