Rabin Maganata a Kan Gwiwar Sha-Biyar

Abokina na yarinta ya karɓi maganar da na faɗa masa mu biyu, ya raba ta gida biyu, ya yar da rabi, ya kori mutum daga aiki da ɗaya rabin, sannan ya ce ni na ce. Abin da ya yi mini ke nan. Kada wanda ya karanta ya zo yana ba ni haƙuri, na sha shi har ya gundure ni.

Shekara ashirin da biyu na yi a ƙungiyar ƙwallon kwando ta wani kulob a nan Jidda. Ni ba koci ba ne, ba likita ba ne, karatuna ma a tsakiyar hanya ya tsaya. Aikina wankin riguna, fasa ƙanƙara, da ɗaure wa 'yan wasa ƙafa da bandeji kafin su shiga fili. Ɗakina yana ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, da teburi ɗaya mai katifa da injin wanki biyu. Ammu suke kirana, wato baffa da Larabci, Larabawansu da Hausawansu, har baƙin da ake sayowa daga waje. Ni kuma da lambar riga nake sanin mutum, don haka da lamba zan kira su a nan.

Ɗan wasa yana yi wa koci ƙarya, yana yi wa likita ƙarya, don tsoron zaman benci. Ni ba ya iya yi mini, saboda ƙafarsa tana kan cinyata, babban yatsana yana kan ciwon. In na danna ya ja numfashi, magana ta ƙare. Sai dai akwai sharaɗin da ba a rubuta ba: abin da aka faɗa a teburin Ammu ba ya hawa bene. Ofisoshin manya a bene suke. Wannan sharaɗin shi ne jarina, ba bandejin ba. Bandeji kowa zai iya naɗawa.

Shi abokin nawa layinmu ɗaya a unguwar Mahjar. Kwandonmu na farko bakin tayar keke ne da muka ɗaure da waya a jikin sandar lantarki. Ya samu takardun ƙasa ta wajen mahaifinsa, ya yi karatu, ya buga wa kulob ɗin shekaru, daga baya aka naɗa shi mudir, wato shi ke riƙe da harkar ƙungiya duka. Ni na tsaya da iƙama, takardar izinin zama ta baƙo, kulob ne kafilina mai tsaya mini a kanta. Shi ya kawo ni aikin, wannan ba zan ɓoye ba. A gaban mutane ina ce masa mudir. In ya sauko ɗakina ya rufe ƙofa, sai mu koma Hausa, ya cire takalmi ya hau teburin kamar ɗan wasa.

Idan kakar wasa ta ƙare, zafi ya shigo, fili ya zama kango, a lokacin ake yin aikin da ke ci ko kayar da ƙungiya. An ce a Amurka jera samari ake yi, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓa. Mu ba haka muke yi ba. Namu takarda ce ake cikawa: wa zai zauna, wa za a sallama, wa za a ɗauko daga ƙungiyar matasa, wane baƙo za a sayo. Takardar kuma ba ta ɗaukar kowa da kowa, in wani zai shiga sai wani ya fita.

Ni dai abin da shekaru suka koya mini, haɗa ƙungiya kamar lodin babbar mota ne. Mai nauyi ake fara sawa a ƙasa. Ka fara da dogon da zai tsare ƙarƙashin kwando, da mai rabon ƙwallo da ba ya rikicewa. Duk shekara ka ɗauko biyu daga matasanka, ka zaunar da su kusa da tsoho, su ji abin da yake faɗa in wasa ya yi zafi. Bayan nan ka duba ramin da ya rage, ka sayo baƙon da zai cike shi daidai, ba wanda sunansa zai fi daɗi a bakin shugaban kulob ba. Kuma kada ka sayi mutum a bidiyo. A bidiyo babu wanda ya taɓa ɓarar da ƙwallo.

Mai nauyin namu shi ne Sha-biyar. Bahaushe ne haifaffen unguwar Ruwais, Hausarsa a karye take amma yana jin komai. Ya haura shekara talatin da uku a lokacin. Ba ya cin maki da yawa, in ya ci takwas ranar salla ce. Amma shi ke tare hanya don wani ya samu jifa, shi ke kwaso ƙwallon da ta ƙi shiga, shi ke yi wa sauran magana daga baya, kai koma hagu, kai bar shi ya zo. Irin aikin da ba ya fitowa a takardar ƙidaya. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaure masa ƙafa. Gwiwarsa ta dama tana tara ruwa in ya buga wasa biyu a jere, kuma daga ni sai shi muka sani. Har ya koyi takawa yadda koci ba zai gane ba. Ni nake sa masa ƙanƙara bayan kowa ya watse.

Wata la'asar cikin wannan zafin, mudir ya sauko da shayi kofi biyu da waya a hannu. Ya nuna mini wani Ba'amurke yana tashi sama yana dira kan kwando, minti huɗu, babu kuskure ko ɗaya. Ya ce shugabanni suna son wanda zai cika musu kujerun 'yan kallo. Na ce wannan yaron ban ga inda ya tsare kowa ba. Ya yi dariya ya ce har yanzu ina nan da baƙin baki na. Muka yi hirar Mahjar, wa ya mutu, wa ya aurar da 'ya. Can sai ya tambaye ni, tsakaninmu, don Allah, yaya gwiwar Sha-biyar. Ya ce so yake ya san yadda zai kare shi a bene in an taso da maganar shekarunsa.

Na yarda da shi. Wannan ne laifina, kuma na ɗauka. Na ce masa: "Gwiwar ba za ta ɗauki wasa cikakke ba. Amma ka ba shi minti ashirin, ka hutar da shi a wasannin da ba su da nauyi, zai yi maka shekara uku, kuma minti ashirin ɗinsa ya fi arba'in ɗin wancan." Ya gyaɗa kai, ya ce ɗayyib, wato to madalla, ya shanye shayinsa, ya sa takalmi.

A kulob ɗinmu ba a kiran mutum a ce an sallame shi, ba su da wannan ƙarfin halin. Takardar ɗinkin sababbin riguna ake ba ni in kai wa mai buga lamba, wanda lambarsa ba ta ciki shi ke nan. Bayan sati biyu aka miƙo mini ita. Na duba a cikin mota, daga sha huɗu sai sha shida. Na sake dubawa da yatsa, layi-layi, don karatuna ba abin dogaro ba ne. Babu.

Da Sha-biyar ya zo kwasar kayansa da hantsi, na tashi zan taya shi, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya hau bene ya tambayi dalili, mudir ya buɗe masa takardar zaman shugabanni, an rubuta a ciki cewa mai ɗaurin ƙafa ya tabbatar gwiwarsa ba za ta ɗauki wasa cikakke ba. Ya tambaye ni ko na faɗa. Na ce na faɗa, amma akwai sauran magana. Bai tsaya jin sauran ba. Ya ce da Hausarsa mai karyewa, "Ammu, ni ƙafata na ba ka, ba na ba shi ba." Ya ɗauki jakarsa. Takalmansa guda biyu ya bari a ƙarƙashin teburina, manya kamar kwale-kwale, bai dawo ɗauka ba. Labarin gwiwar ya riga shi isa sauran kulob-kulob, babu wanda ya ɗauke shi. Yana da 'ya'ya huɗu. Daga baya na ji yana tuƙa motar kai yara makaranta.

Na hau bene a ranar. Mudir ya ce ai bai ƙara ko harafi a kan abin da na ce ba, ya ce halas, wato magana ta ƙare, an riga an sa hannu. Na sauko ban ce komai ba, don iƙamata tana hannunsu, sabuntawa kuma saura wata uku. Wannan shirun ma yana cikin abin da ke damuna har yau.

Da aka dawo atisaye babu wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni. Suna gaishe ni, Ammu yaya gida, su karɓi riga su wuce. Wanda ya hau teburin sai ya miƙo ƙafa yana kallon waya, in na danna na tambaya sai ya ce lafiya lau, ko da na ji jijiyar tana rawa a ƙarƙashin yatsana. Na fara tsintar guntayen bandeji a kwandon sharar banɗaki, suna ɗaure kansu a ɓoye, ɗauri irin na buhun albasa. Mai rabon ƙwallonmu, Lamba-huɗu, ya ɓoye ciwon idon sawu sati uku. Da yana faɗa mini, hutun kwana biyar ya ishe shi. A tsakiyar kaka jijiyar ta tsinke a gaban mutane, aka fita da shi a ɗauke. A bene suka tambaya, ina mai ɗaurin ƙafa yake bai gani ba?

Ba'amurken da aka sayo a madadin Sha-biyar kuwa yana cin maki talatin muna shan kashi. Ƙarƙashin kwandonmu ya zama hanyar kasuwa, kowa ya bi ya wuce. Matasa biyun da aka ɗauko suka rasa wanda zai gaya musu inda za su tsaya. Kafin kaka ta ƙare Ba'amurken ya tattara ya koma ƙasarsu. Ban ji daɗi ba, kada a ce na ji. Ni na wanke rigunan waɗannan wasannin.

Zafi ya sake zagayowa, aka miƙo mini takardar ɗinki. A ƙasanta akwai rigunan ma'aikata, kullum shida ne. Na ga biyar, awona babu. Ni na kai ta wurin mai buga lamba da hannuna, na jira ya buga tambarin karɓa, na dawo na ajiye makulli. Wani maƙwabcinmu ya taimaka aka mayar da iƙamata kan wani kamfanin sito a tashar jiragen ruwa. Yanzu leda nake naɗa wa kaya a kan katako kafin a loda. Naɗi dai ne, sai dai kwali ba ya jin ciwo kuma ba ya da sirri. Sau biyu na haɗu da Sha-biyar a masallacin Juma'a. Yana amsa sallama, don addini ne, amma hannunsa ba ya daɗewa a nawa.

Bayan shekara uku mudir ya aiko a kira ni. Na je ranar hutuna da safe, don ina son ganin abin da zai sa ya tuna da ni. Fili ya sha sabon fenti. Ɗakina an sa masa gilashi da injuna, wani mai digiri ke ciki. Mudir ya rungume ni, ya ce ɗan layinmu, ya ce a kawo shayi. Ya yi furfura, kujerarsa kuma na ji tana rawa, don shekara uku babu abin nunawa. Ya nuna mini wani dogo baƙo yana ɗumama jiki a fili, ya ce gobe za su sa masa hannu, hoton asibiti ya ce lafiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce babu mai idona a garin nan. In duba masa, mu biyu kawai, in ya yi kyau akwai maganar dawowata.

Na tsaya bakin layi na kalli mutumin kamar minti goma. Na ga yadda yake dira, na ga ƙafar da yake ɓoyewa in zai juya. Na ga abin da na gani. Kuma wallahi ina son ɗakin nan, har warin man zafin da na shaƙa a ƙofa. Mudir ya matso kusa, ya rage murya, ya ce yalla, me ka gani?

Na juyo na dube shi, na yi masa da Hausa don kada ya ce bai gane ba.

"Na gani, amma ba za ka ji ba. Maganata guda ɗaya ce, kai kuma rabi kake saye. Akwai rabin da ka bari a ɗakin can shekara huɗu. Ka ɗauke shi, ka shiga motarka ka je Ruwais, ka ƙwanƙwasa ƙofar mutumin nan, ka gaya masa a gaban 'ya'yansa cewa Ammu ya ce a bar shi, Ammu ya ce minti ashirin ɗinsa ya fi arba'in ɗin wani, kai ne ka haɗiye. Ranar da ya riƙe hannuna a masallaci bai yi saurin saki ba, zan san ka je. Kafin nan ko ƙafar jaki ka kawo mini ba zan ce maka tana da kofato ba. Shayinka ma sha abinka."