Wa ya yanka tumakin?

Shekarun baya, wajen ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu kaya suka ɓace daga kantuna, hannuwan mahaifiyata suka tsattsage. A ƙauyenmu Mandera take zaune, aikinta gyaran albasa, wanki kuwa da sabulun toka, don na kanti ya yi wuya. Abin ya kai ko alwala ta yi sai ka ga jini a tafinta.

Ni a lokacin ina fassara labarai a gidan rediyo a Sakkwato. A hanyata ta zuwa gida na tsaya Boɗinga wurin abokina, ma'aikacin lafiya, ya ba ni wani ɗan gwangwanin man shafawa. Ya ce akwai lanolin a ciki, wato maiƙon da ake wankowa daga gashin tumaki, amma wannan an tace shi an sarrafa shi har ya rage danƙo da wari. Ba ya kashe ƙwayar cuta. Aikinsa shi ne ya riƙe damshi a fata ta yi laushi. Ya ce a fara ɗan shafawa a cikin gwiwar hannu a bari ya kwana, domin akwai tsirarun mutanen da yake sa wa ƙaiƙayi.

Inna ta gwada, ya karɓe ta. Da na sake zuwa, tsagar ta kusa haɗewa. Ta tambaye ni da me ake yin sa. Ni da aka koya wa taƙaita labari, na ce, "Daga tumaki."

Ta ajiye gwangwanin a hankali. "Wa yay yanka su?"

"Ba a yanka su, Inna. Aski ake yi musu."

"Aski. Tumkiya." Ta dubi ƙanwata. "Kin jiya? Mai rediyo ya kawo muna labarin duniya."

Tana da hujja. Tumakinmu gajeren gashi gare su kamar awaki, ba wanda ya taɓa aske su. A saninta mai daga tunkiya kitse ne, kitse kuwa sai bayan wuƙa. In Turawa suka yi, to mushe ta shafa ta yi salla da shi. Ta daina shafawa, ta fara shirin rama sallolin, hannuwan suka sake buɗewa.

Sai na ɗauko kawuna, yayanta, malami ne a garin Shagari. Ya ce gashin da aka aske mai tsarki ne, ba ruwansa da yanka. "In dai gaskiya ɗanki ka faɗi," ya ƙara, don shi ma bai yarda gashi yana da mai ba. Ya sa aka jawo ragon layyar gidan, ya cusa yatsu cikin gezarsa har fata, ya murza ya fito da su. Suna ɗan sheƙi.

Inna ta taɓa, ta sansana, ta kalli ragon yana tuƙa abinsa.

"Malam, sallata fa?"

"Tana nan inda kinka bar ta."

Ranar ta buɗe gwangwanin. Ƙanwata kuma, ganin an halatta, ta lafta shi a fuska ba gwaji, ta wayi gari da ƙananan ƙuraje. Abokina ya ce ta wanke ta daina, za su wuce, suka kuwa wuce. Inna ta ce, "Ke tumkiyar ba ta yi da ke."

Tun daga nan, kafin in taƙaita labari sai in tuna irin tumakin da ke garken mai saurare. Har yau in na ga lanolin a jikin kwalba, cikin gwiwar hannu nake fara shafawa. In kuma wani ya tambaye ni daga ina aka samo shi, da amsar tambayar Inna nake farawa: ba wanda ya yanka su.