Kauce, Grema

Kantina yana jikin shagon Maina mai hoto a kasuwar Diffa, bango ɗaya ya raba mu shekara ashirin da wani abu. Ni Ilu ne, Badamagare, sukari da sabulu nake sayarwa. In na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba.

Sana'arsa hoton katin ɗan ƙasa. Tun safe har la'asar: ɗaga haɓa, cire hula, kar ka ƙifta. Ya ce fuskoki sun ishe shi. Shi ya sa duk shekara, da an ce ruwan Komadugu ya taso, sai ya garƙame shago, ya rataya kyamara, ya bi busasshen kogi a ƙafa don ya tari kan ruwa. Akwai wani kwazazzabo da ya sani, inda ruwan ke faɗowa daga gaɓa, tsayinsa bai wuce mutum ba, kwana uku rak kafin kwarin ya cika abin ya ɓace. Wannan ɗan abin yake yi wa tafiyar yini biyu. Na sha gaya masa in zubowar ruwa yake son gani, ya zo bayan kanti in tuttula masa buta.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Abokinsa Grema, manomin tattasai da ya dawo Diffa daga wajen Geskeru, shi ya san hanya, shi ke ɗaukar jarkar ruwa da dabino. Grema ba ruwansa da hoto. Ƙarfin ruwan bana yake zuwa gani, ya san yawan irin da zai zuba. Sai dai duk inda Maina ya saita kyamara, can ƙafar Grema za ta kai shi.

"Kauce, Grema."

Sai ya kauce yana dariya. Maina kuwa ba ya yarda ko inuwar mutum ta shiga hotonsa. In ta shiga, nan take yake gogewa.

Bara, bayan girbin tattasai, Grema ya kwanta kwana huɗu, Allah ya yi masa rasuwa.

Da matarsa Fanna ta fita takaba, ta zo shago. Ina zaune a benci na ji komai. Ta ce ambaliya ta cinye takardunsu kaf, har katinsa, kuma autarsu Aisa ta fara tambayar kamannin babanta.

"Malam Maina, na san ba a rasa hotonsa a wurinka."

"Haba, Ya Fanna. Dawo ranar Laraba."

Da ƙarfin gwiwa ya faɗa, ni ma na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauranta. Kwana uku yana gaban kwamfuta, yana zazzage tsofaffin kwalaye. Yashi, gaɓa, gorubai, ruwa, ruwa, ruwa. Hotunan baƙi da bai ko san sunansu ba cike da shago, na mutumin da suka sha ruwa a jarka ɗaya babu. Na kai masa shayi ya huce a gabansa. Ni da ba na raga masa, ranar tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

"Ilu," ya ce, "da bakina na kore shi. Kowace shekara."

Ranar Talata da la'asar ya samu ɗaya, wanda ya manta bai goge ba. Ruwan na faɗowa a tsakiya, tas. Can gefe, Grema ne yana ficewa, rabin jikinsa ya riga ya fita. Ƙeya, kafaɗa ɗaya, jarka a hannu. Babu fuska.

Ya ce ba zai iya ba ta wannan ba. Na ce ka ba ta, ba kai za ka yanke mata ba.

Ranar Laraba Fanna ta zo. Ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Ki yafe mini. Bayansa ne kawai."

Ta matsa bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe tana kallo, har na fara jin kunyar zamana a wurin. Sannan ta ɗora yatsa a kan kafaɗar nan da ta ɗan karkata.

"Shi ne," ta ce. "Ai ni ma haka na fi ganinsa. Kullum da safe ina bakin murhu, shi yana fita gona."

Ta naɗe hoton a bakin mayafinta, ta ce a gaida gida. Maina ya bi ta har titi.