Shekarun da Na Yi Ina Faɗuwa da Gangan a Fagen Kokawa

Ina gaishe ku da masu karatu. Yanzu ni tsoho ne, gwiwoyina sai na lallashe su kafin su ɗaga ni, amma lokacin da Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba saurayi ne ni mai ji da kansa. Mahaifina majemi ne, fatun jar akuya muke jima, kuma ɗaukar jiƙaƙƙun fatu ya ba ni ƙwanjin da babu irinsa a unguwarmu. Kaka na yi, ba a ganina ko'ina sai fagen kokawa.

Wani tsohon ɗan kokawa da ke shirya wasa a bayan ganuwa ne ya ja ni gefe. Ya ce zukatan mutane cike suke da ciwon abin da ya sami garin, ga shi ba halin magana, don haka suna bukatar wanda za su zaga su huce. Gwarzo kam yana da shi, wani ɗan maƙera kyakkyawa, mugu ne ya rasa. Ya ba ni jar dara da tsohuwar rigar soja, ya ce in shigo ina taku irin na bariki, in harari jama'a, in watsa wa gwarzon ƙasa, a ƙarshe kuma in bari ya kayar da ni. Na yi dariya na karɓa. Ba zan ɓoye ba, ihun nan ya yi mini daɗi, fage kuma ya riƙa cika maƙil.

Ashe abin ba ya ƙarewa a fage. Al'adar makaɗa ce su kira ɗan kokawa da sunan ubansa da sana'ar gidansu, amma ni sai suka koma kirana yaron bariki. A masallaci aka fara barin gurbi tsakanina da na kusa da ni a sahu. Har aka ce ni ke kai wa Bature rahoton unguwa, ni da ko ƙofar bariki ban sani ba. Na durƙusa gaban Baba na rantse masa wasa ne kawai. Ya ce shi bai san wasan da ke cire sunan uba daga kan ɗa ba, ya hana ni taɓa fatunsa, ya shaida wa abokan sana'arsa cewa ba shi da ɗa a fage. Wannan ta ƙona mini rai fiye da duk zagin gari.

Na koma wurin tsohon na ce na gama faɗuwa. Ya ce in na kayar da gwarzon jifa zan sha. Nan ne ma na gano ɗan maƙeran bai san cewa faɗuwata shiri ce ba, shi a zatonsa ƙarfinsa ke aiki. Na same shi a maƙera na gaya masa ya shirya, wannan karon da gaske zan zo. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar wasan na shiga da warki kaɗai, amma zagin bai ragu ba. Muka kama, sai na tarar yaron ba na yarwa ba ne, saura kaɗan gwiwata ta taɓa ƙasa. Na cije, na shige ƙarƙashinsa, na ɗaga shi sama cak. Na ga mutane suna tsintar hogen jifa, don abin da suka sani na mugu shi ne ya maka mutum da kai. Sai na yi irin ta manyan da: na sauke shi a hankali kamar tulu cike da ruwa, na zaunar da shi ƙasa, na miƙa masa hannu ya tashi. Na buɗe murya na yi kirari da sunan ubana da na kakana, majema 'ya'yan majema. Ɗan maƙeran, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗaga hannuna. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, makaɗa suka juya kiɗa, jama'a suka ɗauke ni a kafaɗa har ƙofar gidanmu suna kiran sunan Baba.

Yana zaure yana ji. Ya fito ya dube ni, ya ce in sauko daga kan mutane haka nan, akwai fatu suna jirana da safe. Wallahi ban taɓa jin umarni mai daɗin wannan ba.

Samari, ku ji daga bakin wanda ya gani. Duk rawar da aka ba ku a gaban jama'a, ku tambayi kanku ko za ku iya shiga gida da ita, don mai kallo ba ya tuɓe muku ita idan wasa ya tashi. Ni na yi sa'a ƙarfina ya ƙwato mini sunana tun Baba yana da rai. Da ya rasu, ni na tsaya a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kuma duk wanda ya zo, ɗan majemi ya kira ni.